Sauya Wa Jitata Mayen Ƙarfe: Littafin Aiki

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Yau dai na kwance jitar. Wata bakwai ke nan tana hannuna, tun da na saye ta ta-hannu wajen wani mai kayan sauti a titin Ahmadu Bello a nan Jos, kuma tun daren farko muryarta ba ta kwanta mini ba. Itacenta ba laifi, wuyanta a miƙe, tsirkiya ba ta cin yatsa. Amma da ka jona ta da amfilifaya sai ka ji kamar mai mura ne ke rera waƙa. Ƙarfi kam akwai, har ya so ya yi yawa, sai dai sama a toshe. In na kaɗa tsirkiya uku tare sai su dunƙule su zama curi guda, ba ka bambance wannan da waccan.

Da ban san ta Baba ba, da wataƙila na haƙura. Baba shi ya koya mini riƙon jita ina ɗan shekara sha huɗu, a ɗakinsa da ke Tudun Wada, kuma har gobe shi ke jan kiɗa a cocinsu. Tasa 'yar Japan ce, tun zamanin Shagari ya saye ta. Ƙirarsu ɗaya da tawa, kwaikwayon Stratocaster ɗin da Leo Fender ya fitar a 1954, da fikof uku masu naɗi ɗaya-ɗaya. Amma in ya taɓa tasa, kowace tsirkiya da bakinta take magana, tas-tas, kamar an zuba kwabbai a kan siminti.

Ni kunne nake kiran fikof, don aikinsa ke nan. Wayar jan ƙarfe ce siririya kamar silin gashi, an naɗa ta wajen sau dubu takwas a kan kwarkwaro, da turaku shida a tsakiya, kowane turke ƙarƙashin tsirkiyarsa. Mayen ƙarfe yana shafa wa tsirkiyar maitarsa, in ta yi rawa sai ta haifar da 'yar wuta a cikin naɗin, amfilifaya ta ɗauka ta ƙara.

Da na juya farantin gaba sai na ga abin da nake zargi. Ƙarƙashin kowane kunne an manna baƙin maye na siramik da gam, irin wanda ke bayan sifika, turakun kuwa ƙarfe ne zalla, aron ƙarfi suke daga baƙin. A jitar Baba turakun kansu su ne mayun, na alniko. To abin da nake so in yi ke nan: in ɓamɓare baƙin, in zare turakun ƙarfe, in zura sandunan alniko a gurbinsu. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne kwarkwaron nawa na roba ne, kowane turke yana cikin rijiyarsa, wayar ba ta taɓa shi.

Na auna da mita kafin in taɓa komai. Kunnen wajen wuya kilo-om 5.8 (ma'aunin yadda waya ke tare wuta), na tsakiya 5.9, na wajen jaki, wato gadar da tsirkiya ke zaune a kai, 6.3. Na kuma kara kamfas a saman kowanne: jan bakin allura yana bin na wuya da na jaki, yana gudun na tsakiya. Na rubuta a jikin kwali na manna a bangon shago.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na zare turke ɗaya don awo kawai. Kaurinsa milimita 5 cif. Wannan awon ba a yi masa ƙiyasi, domin sandunan da ake sayarwa iri biyu ne: akwai na Amurka mai inci 0.187, wato milimita 4.75, akwai mai milimita 5. Rubu'in milimita ba komai ba ne a ido, amma shi ne tsakanin sandar da ta zauna daram da wadda za ta riƙa zamewa.

Sai maganar tsayi. Tsofaffin kunnuwa turakunsu ba su kai ɗaya ba, wani ya ɗara wani, saboda a wancan zamanin tsirkiya ta uku naɗaɗɗiya ce, fuskar wuyan kuma ta fi doro. Tawa ta ukun waya ce tsirara, wadda dama ta fi 'yan'uwanta ihu, in na ƙara ɗaga mata turke ai na ba ta lasifika. Don haka na zaɓi duka su zo tsayi ɗaya, milimita 17.

Alniko suna ne da aka harhaɗa daga farkon sunayen alminiyom, nikel da kobalt, amma kaso mafi tsoka a cikinsa baƙin ƙarfe ne. Wani masani ɗan Japan, Tokushichi Mishima, shi ya buɗe wannan hanyar a 1931. Masu jita sun fi ambaton lamba 2, 3 da 5. Lamba 5 ya fi ja, lamba 2 bai kai shi ja ba, lamba 3 kuwa babu ma kobalt a cikinsa. Na yi odar lamba 5 guda ashirin da huɗu, sha takwas na aiki, shida na ko-ta-kwana. Wani abokina a kasuwar Alaba zai karɓa ya sa mini a mota.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Kaya ba su iso ba. Don kada in zauna haka, na ɗauki sautin jitar a waya yadda take yanzu, kowane kunne shi kaɗai, da amfilifaya ɗaya, waya ɗaya mai mita biyar, maɓallan sauti duk a tsakiya. Kunnen mutum yana da son rai, in ya sha wahala a kan abu sai ya rantse ya fi daɗi. Gara a samu shaida.

Na kuma je Dilimi wajen wani mai naɗin tiransifoma na ari mitarsa mai auna henri, wato ma'aunin yadda naɗi ke tara ƙarfin maye in wuta ta bi ta cikinsa. Na wuya ya nuna 3.4. Ya ce in riƙe ta zuwa sabuwar shekara.

Asabar, 7 ga Disamba

Sun iso jiya da yamma. Da na buɗe ledar na kara musu allura, ko motsi ba ta yi ba. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an haɗa ni da guntayen rodi. Sai da na kira mai kayan ya ce ai haka ake sayar da su, babu caji, mai aiki ne ke cusa musu ƙarfi bayan ya zura su, ya kuma zaɓi fuskar da yake so ta kalli sama. Da na natsu na ga hikimar: da caji suka zo, da sun sha gogayya da juna a hanyar Legas zuwa Jos, kowanne ya iso da nasa ƙarfin daban.

Da safe na fara da na wuya. Baƙin mayen ya ɓamɓaru da bakin reza, a hankali, ina kiyaye siraran wayoyi biyu da ke zuwa idon dalma, don a nan rai yake. Sannan na kwantar da kwarkwaron a bakin bayis, wato matsin ƙarfe na kan benci, ɗan soket na sufana a baya don turken ya samu inda zai faɗa, guntun ƙusa da na yanke wa tsini a gaba. Ba a sa guduma. Murɗawa ake yi, rabin zagaye, a tsaya, a duba.

Na farko ya fita lafiya. A na biyu na ji ƙas! Leɓen robar ya tsage kamar tsayin farce. Sanyin Jos ne. Ƙarfe bakwai na safe a irin wannan hunturu, yatsuna ma ba sa lanƙwasuwa balle robar da ta shekara goma. Mita ta nuna 5.8 yadda take, na yi hamdala. Na ɗiga sufa-gulu a tsagar, na shanya kwarkwaron a kan kwanon shago har hantsi ya dubi ludayi. Da robar ta ji ɗumi, sauran huɗun suka zare kamar ana zare rake daga ɓawo.

Zura alnikon ya fi cin rai. Ba ya lanƙwasa, ba ya haƙuri, ɓarewa yake kamar fasasshen tangaran. Ɗaya ya ɗan karkace a bayis, gefensa ya ɓalle, na ajiye shi. Daga nan sai da na goge bakin kowanne da sanfefa ya ɗan yi sulɓi kafin in tura. Rami na huɗu ya matse, na naɗa sanfefa a jikin ƙusa na zagaya sau uku kacal, don bangon da ke tsakanin ramin da naɗin bai fi kaurin takarda biyu ba. Na shida kuma ya yi sako-sako, yatsa kaɗai ya tura shi. Na bar shi haka tukuna.

Laraba, 11 ga Disamba

Kwana uku ina fama da caji. Na ciro mayun niyodimiyom daga matattun had-dis na kwamfuta guda biyu, masu kamar yankan wata, na goga a kan turakun. Allura ta fara kamawa, amma kamfas ya rikice: turke biyu na jan jan baki, ɗaya na korarsa, sauran ba su san inda suka dosa ba.

Kawu ne ya warware mini. Ya shigo shago gyaran rediyonsa ya tarar da ni ina jujjuya abin. Shekara da shekaru ya yi a rumfar kuza a Bukuru, a kan injin da ke raba kuza da kolombayit. Kuza ba ta bin maye, kolombayit na bi kaɗan, to da wannan ɗan bambancin ake tace su, kuma da shi ƙasar nan ta yi zarra a duniya wajen kolombayit a shekarun 1950. Ya karɓi yankan watan, ya ja kamfas a kan fuskarsa daga wannan gefe zuwa wancan. Allura ta yi juyi a tsakiya.

Ya ce, "Ka gani, ɗana? Fuska ɗaya, kai biyu. Arewa nan, kudu nan. Kana gogawa kana ba shi da dama kana ƙwacewa da hagu."

Na ce, "To Kawu, yaya za a yi?"

Ya ce in nemo masu fuska ɗaya kai ɗaya guda biyu, in manna su a leɓunan bayis suna kallon juna ta yadda suke son haɗuwa, in bar rata daidai wucewar kunnen. A bi da shi ta tsakiya a hankali, sau uku ko huɗu, sannan a fitar da shi a yi nesa da shi, kada a juya shi a kusa. Ya ƙara da cewa alniko yana da saurin karɓa, yana da saurin mayarwa, kada in kuskura in ajiye shi kusa da bayan sifika.

Na samo masu faɗin kwalin ashana guda biyu wajen masu gyaran injin. Ƙarfinsu ba wasa ba, sun tsinke mini fatar yatsa kafin in raba su. Bayan wucewa huɗu, jan bakin allura ya bi turaku shidan gaba ɗaya, kamar yadda kwalin bango ya ce.

Asabar, 14 ga Disamba

Na mayar da na wuya, na liƙe da dalma, na ɗaure tsirkiya. An kawo wuta wajen la'asar.

Abu na farko da na ji, ƙarfi ya ragu. Sai da na ƙara maɓallin amfilifaya kafin ya kamo na da. Na biyu kuwa shi ya sa na zauna a kan benci na yi shiru. Murar ta washe. Na kaɗa tsirkiya uku tare, na ji su ukun, kowace da gefenta. In na taɓa a hankali ta yi raɗa, in na finciko ta yi tsawa, alhali da duk yadda na taɓa amsa ɗaya take ba ni. Na kunna abin da na ɗauka ranar 30 ga Nuwamba na saurara, na sake kaɗawa. Ba son rai ba ne. Yaron shagona ma da ke can yana kwance fanka ya ɗago kai ya ce, "Oga, wata ka sayo?"

Sai na koma kan mita, don ina son in san dalili. Kilo-om yana nan 5.8, dama ba zai motsa ba tunda ban taɓa wayar ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa masu sayen kunne da lambar om kawai suna auna tsawon waya ne, ba murya ba. Henri kuwa ya sauko daga 3.4 zuwa 2.3.

A nan maganar take. Mutane na cewa siramik na da kaushin murya, alniko na da zaƙi, kamar dai mayen yana da maƙogwaro. Ni abin da na gani a kan bencina, ba baƙin mayen ne ya toshe jitar ba, turakun ƙarfen da ke cikin naɗin ne. Ƙarfe zalla a cikin koyil yana ɗaga henri sosai, duk mai naɗin tiransifoma ya san wannan, alniko kuwa kaɗan yake ɗagawa. Naɗin da wayar da ke zuwa amfilifaya, wadda ita kanta 'yar kafasita ce, wajen fikofarad 100 a kowace mita, su biyun suke haɗuwa su zaɓi inda murya za ta yi tsini. Na buga lissafi da fikofarad 600, na wayar haɗe da na naɗin kansa: da tsinin yana wajen kaɗawa 3,500 a daƙiƙa, yanzu ya hau wajen 4,300. Ga shi kuma ƙarfe zalla yana shan wani abu daga tsinin ya dakushe shi. Ƙarar kwabban da nake ji a jitar Baba, a wannan tsakanin take zaune.

Talata, 17 ga Disamba

Na gama na tsakiya da na jaki a dare ɗaya, da fitilar caji. Wannan karon na ɗumama robar tukuna, babu abin da ya tsage.

Kowanne shi kaɗai lafiya lau. Amma da na sa makunni a mataki na biyu da na huɗu, inda kunne biyu ke aiki tare, sai murya ta tsuke ta koma ta hanci, siririya kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Na ɗaga kai na kalli kwalin bango. Na tsakiya ai gudun jan baki yake, ni kuwa na bi da su duka ta fuska ɗaya.

An naɗa na tsakiya ne a juye, mayensa ma a juye, da gangan. Gurnanin wutar lantarki, wanda a ƙasar nan yake kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, naɗin kaɗai yake shiga, bai damu da maye ba, don haka naɗi biyu masu saɓani suna kashe shi. Sautin tsirkiya kuwa ya dogara da naɗi da maye duka, juyi biyu sai ya dawo daidai. Dabarar da Seth Lover ya yi wa kamfanin Gibson ke nan a 1955, sai dai shi ya haɗa naɗin biyu a gida ɗaya. Ni da na juya ɗaya na bar ɗaya, sai sautin ya shiga cin kansa. Na ciro shi, na kifa shi, na sake bi da shi ta bayis. Minti goma, magana ta ƙare.

Alhamis, 19 ga Disamba

Ban so rubuta ta yau ba, amma littafin aiki ba a ɓoye masa.

Baba ya zo ya ji jitar, ya daɗe yana kaɗawa, ya ce, "Yaro, ka yi aiki." Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da tasa. Ya ce shekara biyu ke nan tsirkiya ta ɗaya ba ta fita sosai a kunnen jaki, turken ma ya yi tsatsa, tunda ina da saura in sauya masa shi.

Da na cire murfin na ga ba irin nawa ba ne. Babu kwarkwaron roba. Faranti biyu ne na baƙin kwali mai tauri, sama da ƙasa, sandunan shida su ne ginshiƙan, wayar kuma a jikinsu aka naɗa ta kai tsaye. Na gani da idona. Na kuma san turken gefe shi ne inda wayar ke yin kwana ta ɗame. Amma hannuna ya saba da nasara kwana goma, ga Baba na zaune yana jira, na ce a raina in na bi a hankali zai zame. Na ɗaura mita a wayoyin ina kallo: 6.1. Rabin zagaye, 6.1. Wani rabin, turken ya motsa kamar kaurin farce. Lambar ta ɓace.

Tsatsar ta riƙe zagayen farko na can ciki, turken ya tafi da su. Da a waje ta tsinke, da na warware 'yan zagaye na kamo bakin. A ciki kuwa babu hanya sai an sare naɗin duka. Wayar da wani ya naɗa a Japan tun ban zo duniya ba, wadda ta yi bikin aure da jana'iza da Kirsimeti fiye da arba'in a garin nan, ni na tsinka ta cikin daƙiƙa biyu. Garin neman gira na rasa ido.

Na ce, "Baba, na yi ɓarna. Ka yafe ni."

Ya karɓi kunnen ya jujjuya shi a tafin hannunsa, bai ce komai ba har wani mai Keke Napep ya gama sauke kaya a ƙofar shago. Sannan ya ce, "Ni na ce ka taɓa. Amma ran Laraba da ita zan hau, ka san yadda za ka yi."

Asabar, 21 ga Disamba

Na ciro kunnen jakin tawa na ɗaura a jitar Baba. Na gwada shi da na tsakiyarsa, murya ta yi hanci, na sauya wayoyin biyu, ta daidaita. Zai yi Kirsimeti da shi. Tawa za ta zauna da kunne biyu da rami ɗaya.

Kafin in rufe, na nemi izininsa na bi da sauran kunnuwansa biyu ta tsakanin mayun bayis, ba tare da na zare komai ba, bayan na duba fuskar kowanne da kamfas. Suka farfaɗo, har ya ce in ɗan sassauta su ƙasa. Abin da turken nan mai tsatsa yake buƙata ke nan tun farko, caji, aikin minti biyu. Baba ya gaya mini shekaru yana jingina jitar a jikin babbar sifikar coci in an tashi. Maganar Kawu ce ta fito.

Duk mai irin wannan kunnen na kwali, don Allah kada ya tura turkensa.

Lahadi, 29 ga Disamba

Jiya muka yi biki a Bukuru, fitar jitar ta farko. Janareta aka tayar, kuma kowa ya san yadda kunne mai naɗi ɗaya ke kwasar gurnani a irin wannan wuri, ga fitilun ado an zagaye rumfa da su. Na wuya shi kaɗai yana ta zuuu. Da na haɗa shi da na tsakiya sai tsit. A nan na yini.

Matsala biyu suka fito. Tsirkiya ta shida, in na hau can saman wuya, sai muryarta ta riƙa rawa kamar biyu ne ke faɗa, kuma ba ta daɗewa. Don in rama ƙarfin da ya ragu na ɗaga kunnuwan sun matso sosai, alniko 5 kuwa a bakin turke yake da ja, yana riƙe tsirkiyar yana hana ta sakewa. Da aka tafi cin abinci na danne gaɓar ƙarshe na auna da 'yar rula, na saukar da su zuwa abin da Fender ke ba da shawara ga irin waɗannan: milimita 2.4 a gefen kauri, 2 a gefen siriri. Na wuya ma na ƙara masa rabin zagaye ƙasa. Rawar ta tafi. Ƙarfi kuma amfilifaya ce ke da alhakinsa, ba sukurun kunne ba.

Ta biyun, in mai sauti ya ɗaga sai wani fito mai tsini ya taso, ko na dafe tsirkiya bai daina ba. Na ɗora yatsa a turke na shida na kunnen wuya, ya yi shiru. Mai sako-sakon nan ne.

Mai kalangunmu, wanda ba ya yabon kowa, ya ce yau ya ji ni ba tare da na danne shi ba.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na dafa kunnuwan biyu a kaki. Kyandir kashi huɗu, kakin zuma kashi ɗaya, a gwangwanin madara, gwangwanin kuma a cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba don kakin na kamawa. Na riƙe zafin wajen digiri 65 da ma'aunin da ke jikin mitata, in ya wuce haka robar za ta lanƙwashe. Alnikon kam wannan zafin ko a jikinsa. Kumfa ta riƙa tasowa daga cikin naɗin, ƙanana-ƙanana, kusan minti goma sha biyar kafin ta ɗauke. Na tsame, na goge, na bari suka huce. Turke na shida ya zauna. Na ƙure amfilifaya a shago har maƙwabcina mai shayi ya leƙo, babu fito.

Asabar, 18 ga Janairu

Wayar naɗi ta iso ran Laraba, lamba 42, kaurinta milimita 0.063. Na zaga masu naɗin fanka da na injin ruwa a Dilimi da Katako, duk wanda na nuna wa guntun tsohuwar sai ya girgiza kai, tasu mafi siranta ta ninka ta. Daga waje aka kawo.

Na sare tsohon naɗin Baba da reza, bayan na zana a takarda ta inda ya fara da kuma hannun da ya bi. Ban zubar ba, na sa a leda, nasa ne. Turken mai tsatsa na mayar da shi gurbinsa na goge shi, ban sauya ba, tunda ba shi da laifi. Na shafa wa sandunan shida man farce marar launi, na zagaya su da siririn tef, don kada sabuwar waya ta taɓa ƙarfe.

Injin naɗin keken ɗinkin Inna ne. Na manna kunnen a jikin ƙafar hannu da tef mai fuska biyu. Lissafin zagaye kuma, na ɗauko tsohuwar kalkuleta na jona wayoyi biyu daga maɓallin daidai zuwa ɗan makunnin gilashi mai jin maye, na manna ƙaramin maye a gefen ƙafar. Ka danna 1, ka danna tarawa, duk zagaye ɗaya sai ta ƙara ɗaya. Ƙunshin wayar yana ƙasa a tsaye tsakanin ƙafafuna, tana warwarowa ta sama, tana bi ta tsakanin babban yatsa da manuni a cikin ɗan ƙyallen auduga. Ba ka ganinta sai haske ya faɗo a kanta. Ji kawai kake, kamar gizo-gizo na ja maka zare.

A zagaye na 1,140 ta tsinke, na matse da yawa. Na sare na sake daga farko. Inna na zaune a gefe tana tsince shinkafa, ta ce, "Kai da ƙafa kake gudu, hannun bai sani ba. Zare shi ke gaya wa ƙafa." Na rage gudu. Karo na biyu na kai 5,200 kafin magariba, na manne bakin da tef na rufe keken da zani saboda ƙura.

Inda nake so in kai 6.1 ne, wajen zagaye dubu takwas. Amma da rana zan auna, lokacin da na auna tsohon, domin jan ƙarfe na sauya kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, kuma tsakanin asubar Jos da azahar ɗinta a wannan watan mita na iya ruɗa mutum ya ƙara zagayen da ba a buƙata.

Baba ya aiko jikansa ɗazu, wai in ban gama ba kada in yi gaggawa, na aron yana yi masa aiki. Na ce a gaya masa ran Talata in sha Allahu zan kawo, ya zo da kunnensa na ji. Saura zagaye 2,800, sai kaki, sai caji.